Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sanatoci Da 'Yan Majalisar Wakilai Na Jihar Kano Kan Kiran A Ba Jama'a Izinin Yawo Da Bindiga

Masu girma sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu 24,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya yi muku jagora a kan amanar da jama'ar Kano suka ɗora muku, na rubuto ne a kan wata magana da ta fara a majalisun hira na bakin titi, ta shiga shirye-shiryen rediyo na dare, ta cika Facebook, yanzu kuma tana neman hanyar zauren majalisarku. Maganar ita ce, tunda masu ƙwacen waya da 'yan daba sun hana mutane sakat, kuma jami'an tsaro ba sa isowa sai bayan an gama ta'asa, to a sassauta doka kowane mai hankali ya sami lasisin riƙe ƙaramar bindiga, ya sa ta a aljihu ko a ƙugu, ya fita neman abincinsa. Na zaɓi in fuskance ku da ita maimakon Mai Girma Gwamna ko Kwamishinan 'Yan Sanda, domin tsarin mulkin 1999 ya sanya makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Idan za a buɗe wannan ƙofa, da hannunku za a buɗe ta, kuma roƙona shi ne kada ku buɗe.

Ba na raina fushin da ya haifi wannan kira, domin duk wanda ke zaune a birnin nan ya san daga inda ya taso. Mutum ya tashi daga kasuwa bayan magariba, ya tare adaidaita sahu da fasinja biyu a ciki, ya zauna a tsakiya ko a gefe yana duba saƙo a wayarsa. Ana barin hasken babban titi, sai na kusa da shi ya matso kamar mai gyara zama, ya ji tsinin ƙarfe a haƙarƙarinsa, a ce masa cikin sanyin murya ya kawo wayar kuma ya faɗi lambobin buɗe ta. Direban ba ya waiwayowa, domin tare suke. Idan Allah ya sa da sauran kwana, a tura shi ƙasa a wani lungu, ya tashi da kurjewar gwiwa. Idan ya yi gardama, ko ya ƙanƙame wayar ba da niyya ba saboda firgita, sai a soke shi a wuya ko a ciki, kuma sau da yawa jinin da ya zubar kafin a sami mai kai shi asibiti shi ne ajalinsa. An yi jana'izar ɗalibai da ma'aikatan lafiya da magidanta a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba. Wanda ya wanke gawar ƙaninsa ya ga ramin wuƙa a ƙirjinta, idan ya ce a ba shi bindiga, ba wanda ya isa ya kira shi mahaukaci.

Kiran ma ba daga talakawa ya fara ba. A watan Maris na 2018 Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya shawarci mutanen jiharsa su nemi makami. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce kowa, ta umarci Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba da lasisi ga waɗanda suka cancanta, ta kuma ce za ta raba takardun neman izini 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar, har sai da Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A farkon 2024 abokin aikinku, Sanata Ned Nwoko na Delta, ya yi ta tallata ƙudirin ba farar hula damar mallakar bindiga. Amma ina so ku lura da cewa Ɗanjuma da Masari da Matawalle suna magana ne a kan ƙauyukan da 'yan bindiga ke aukawa a kan babura da bindigogi masu jigida, inda caji ofis mafi kusa yake da tafiyar sa'o'i, inda mutanen gari suka san juna kuma suka san ta wace hanya maharan ke ɓullowa. Wannan wata matsala ce dabam mai nata hukunci. Ɗauko hujjar Zurmi ko Jibiya a ɗora ta a kan Ƙofar Ɗan'agundi ko Kurna ko Ɗorayi kuskure ne, kuma shi ne kuskuren da nake jin ana maimaitawa kullum.

Dokar makamai da muke aiki da ita tun 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu ne ƙaramar bindiga ta hannu take, tare da bindigogin soja. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Sai bindigar toka irin ta maharba, wadda lasisinta ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. A watan Agustan 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Abin da masu kiran suke nema ke nan, ko sun faɗa a fili ko ba su faɗa ba, shi ne a ciro ƙaramar bindiga daga kashi na farko a mai da ita abin da kowa zai iya nema, domin ba wanda zai shiga Kantin Kwari da doguwar bindigar harbin tsuntsu rataye a kafaɗa.

Tambayar da ya kamata a fara da ita ita ce, shin bindigar za ta yi aikin da ake so ta yi? Ku koma cikin adaidaitan da na ambata. Mutumin yana zaune a matse, hannunsa ɗaya riƙe da waya, wuƙa ta riga ta taɓa fatarsa, bindigar tana ƙarƙashin babbar riga ko kaftani, kuma dole ya ɗaga riga, ya zaro ta, ya ɗana, sannan ya juya bakinta ga mutumin da kafaɗarsa ke gogar tasa. Mai ƙwace shi ke zaɓen lokaci da wuri da wanda zai tara, shi kuwa wanda aka tara ba ya sanin an tare shi sai aiki ya yi nisa. Ko a Amurka, inda aka fi ko'ina yarda da bindiga, wani jami'in horar da 'yan sanda mai suna Dennis Tueller ya nuna tun 1983 cewa mai wuƙa da ke tsaye a tazarar taku 21, wato kimanin mita shida da rabi, yana iya cim ma mutum cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, kusan daidai da lokacin da ƙwararre yake buƙata ya zaro bindigarsa ya harba. Wannan ga ɗan sanda ke nan mai horo, wanda ya riga ya ga maharin. Wani bincike da masana na Jami'ar Pennsylvania suka wallafa a 2009 a kan birnin Philadelphia ya gano cewa waɗanda ke ɗauke da bindiga lokacin da aka kai musu hari sun fi waɗanda ba sa ɗauke da ita yiwuwar a harbe su da kusan ninki huɗu da rabi. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan adadi, kuma ba na cewa a ɗauke shi kamar nassi, amma dalilin da ke bayansa a fili yake: mai makami yana jin ƙarfin tsayawa a inda da zai miƙa waya ya tsira da ransa.

A ce ma ya yi sa'a ya harba. A ina zai harba? Ƙwacen waya yana faruwa ne a tashar Yankaba, a gadar Ƙofar Nasarawa, a bakin kasuwar Sabon Gari, a lungunan cikin birni da mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya karkace. Bayan ɓarawon akwai mai shayi da masu zama a bencinsa, akwai yarinya mai tallan gyaɗa, akwai almajirai, akwai katangar ƙasa ko ƙofar langa-langa da harsashi zai huda ya sami matar da ke tuƙa tuwo a tsakar gidanta. 'Yan sandan da aka horar ma muna jin labarin harsashinsu ya kuskure ya sami wanda bai ji ba bai gani ba, balle ɗan kasuwar da ya yi harbin gwaji sau biyu ranar da ya karɓi lasisi, hannunsa yana rawa, cikin duhu, yana bin yaron da ya riga ya juya baya ya ruga. Kuma harbin wanda ya juya baya yana gudu da wuya kotu ta ɗauke shi a matsayin kare kai.

Sai kuma abin da ɓarayin da kansu za su yi, domin ba za su zauna suna kallo ba. A yau mafi yawan masu ƙwace a Kano da wuƙa da ɗanbida da barandami suke aiki, kuma abin da suke so shi ne wayar. Ranar da suka fara zaton kowane mai babbar riga yana iya zama da bindiga a ƙugu, za su daina tambaya, su fara da sara ta baya sannan su laluba aljihu. Bindigar kanta kuwa za ta zama abin farauta, tunda ta fi kowace waya tsada a kasuwar bayan fage, kuma ita ce za ta ɗaga ɗan daba daga mai ƙwacen waya zuwa cikakken ɗan fashi. Kada wani ya ce ai masu lasisi za su adana makamansu da kyau. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa zuwa ƙarshen 2018 akwai bindigogi 178,459 da rundunar 'yan sanda ba ta iya ba da bayanin inda suke ba, kuma 88,078 daga cikinsu AK-47 ne. Idan rumbun makamai mai mai gadi da littafin sa hannu ya yi irin wannan yoyo, ina ga durowar gefen gado da aljihun mota? Ƙasar nan ba ta fama da ƙarancin bindiga. Ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey ta Geneva na 2017 ya nuna bindigogi sama da miliyan shida a hannun farar hula a Nijeriya, adadin da tsohon Shugaban Ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar ya yi gargaɗi da shi a 2021, kuma ya ninka abin da ke hannun soja da 'yan sanda sau da yawa. Da yawan bindiga yana kawo zaman lafiya, da tuni mun same shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda kuma ba a cika kawo shi a muhawarar ba, shi ne sauran sa'o'in da bindigar za ta yi ba tare da ɓarawo a gabanta ba. Mai ita zai iya shekara biyar bai gamu da mai ƙwace ba, amma kullum sai ya koma gida da ita. Gidajenmu ba irin na Turai ba ne masu mutum uku da ɗaki mai kulle. Gida ne na mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha, da ƙannen miji da 'ya'yan riƙo, ko gidan haya mai ɗaki takwas da banɗaki ɗaya, inda yaro ɗan shekara tara ya san abin da ke ƙarƙashin kowace katifa da saman kowace sif fiye da mai ɗakin. A cikin irin wannan gida akwai saurayin da ya fara shan ƙwaya iyayensa ba su sani ba, akwai rikicin gado, akwai kishi, akwai ranar da maigida zai dawo da baƙin cikin karyewar jari. A Amurka, a shekarar 2021, mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. A kan titi kuma, duk wanda ya taɓa ganin yadda gogar mota kaɗan take zama zage-zage da cin kwala a shataletalen Ɗangi ya san abin da zai faru idan ɗaya daga cikin masu faɗan yana da abin da ya fi mari a aljihunsa. Faɗan da yau ake rabawa da "don Allah ku yi haƙuri" gobe sai a raba shi da makara.

Ku kuma tambayi kanku, tsakaninku da Allah, wa zai sami lasisin. Za a ce sai an tantance, sai mai unguwa da dagaci da hakimi sun sa hannu, sai likita ya tabbatar da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku kun fi ni sanin yadda takarda take tafiya a ƙasar nan. Ɗalibar da ke dawowa daga makaranta da yamma, da lebura, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, waɗanda su ne aka fi tarewa, ba su da kuɗin bindiga balle na bin ofis-ofis. Waɗanda za su fara samu su ne masu kuɗi da masu uwa a gindin murhu, sai kuma yaran 'yan siyasa. A nan dole in faɗi abin da ba zai yi wa wasu daɗi ba: daba a Kano ba ta rayu shekara da shekaru da ƙarfin kanta ba. Kowane zaɓe ana ɗebo matasan nan a cika motoci da su, a ba su kuɗin ƙwaya, su yi wa ɗan takara rakiya da makamai tsirara, idan an kama su kuma a bi ta bayan fage a karɓo su. Bayan zaɓe a watsar da su, su koma kan talakan da ya yi layin jefa ƙuri'a. Babu jam'iyyar da za ta ce hannunta a wanke yake a wannan. Dokar da za ta halatta ƙaramar bindiga za ta ba 'yan jagaliya damar zuwa rumfar zaɓe da makami mai takarda, kuma ba na jin akwai ɗayanku da zai so ya tsaya takara a irin wannan fili.

Akwai kuma darasin Uromi, wanda har yanzu bai bushe a zukatanmu ba. A watan Maris na 2025 aka tare maharba 'yan asalin jihar nan a Jihar Edo suna hanyar dawowa gida hutun Sallah daga Fatakwal, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu, akasarinsu mutanen ƙaramar hukumar Bunkure. Bindigogin farauta ne na sana'arsu, amma taron da ya fusata bai tsaya tambayar takarda ba. Mutanenmu fatake ne, suna Legas da Onitsha da Fatakwal da Aba, kuma a yanayin zargin da ake ciki, Bahaushe da bindiga a jikinsa a wata jiha ba kariya ya ɗauka ba. Ko a cikin Kano, ku ɗauka mutum ya harbi mai ƙwace, jama'a suka taru suka tarar da yaro kwance cikin jini da wani tsaye da bindiga a hannu. Wa za su ɗauka shi ne ɗan fashin? Ɗan sandan da ya iso a guje, wa zai fara saitawa?

Ko ya tsira daga taron, bai tsira daga kotu ba. Sashe na 33 na tsarin mulki ya yarda da kare rai da dukiya, haka ma dokar hukunta laifuka ta Penal Code daga sashe na 59 zuwa waɗanda ke biye da shi, amma da sharaɗin kada ƙarfin ya wuce gwargwadon buƙata, kuma ya kasance babu damar neman agajin hukuma. Yadda alƙalai suke auna wannan gwargwado ya fito fili a shari'ar Sunday Jackson, manomin Adamawa da ya ce wani makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi. An yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da shi a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa tunda ya ƙwace makamin yana da damar guduwa. Mutane da yawa sun ga hukuncin ya yi tsauri, ni ma ina cikinsu, amma shi ne matsayin da kotu mafi girma ta ɗauka. Wanda duk ya ce wa talaka ya ɗauki bindiga bai gaya masa wannan ba, bai yi masa adalci ba.

Masu kiran sukan kafa hujja da addini, kuma hujjarsu tana da tushe. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada, kuma aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta tanadi hukunci mai tsanani ga masu tare hanya. Amma malamanmu na Malikiyya sun karantar da cewa tunkuɗe maƙetaci hawa-hawa ne, ana farawa da yi masa magiya da Allah idan da hali, ba a tsallakawa zuwa kisa matuƙar abin da bai kai shi ba zai wadatar, kuma zartar da haddin hiraba, wato fashi da tare hanya, aikin hukuma ne. Bukhari da Muslim kuma su ne suka ruwaito umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani Musulmi rauni, da hanin nuna ɗan'uwa da makami domin mutum bai san ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. Idan wannan ne ladabin kibiya a kasuwar Madina, ya kamata mu yi dogon tunani a kan ɗanannar bindiga a kasuwar Kurmi.

Hujja ɗaya ce ta masu kiran da nake ganin tana da nauyi ƙwarai, kuma ku ta fi shafa. Suna cewa, waɗanda ke hana talaka bindiga su ne masu tafiya da 'yan sanda huɗu a bayan mota. Gaskiya ne. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana da 'yan sanda da ba su kai dubu 400 ba, kuma wani babban kaso nasu yana gadin manya da riƙe wa matansu jaka, duk da an sha ba da umarnin a janye su. Ba ku da bakin ce wa talaka ya yi haƙuri muddin haka abin yake. Sai dai amsar wannan rashin adalci ita ce a dawo wa unguwanni da 'yan sandansu, a sa musu mai a mota, a sa lambar kiran gaggawa ta 112 ta zama lambar da ake ɗauka, kuma kasafin kuɗin da zai yi wannan ta gabanku yake wucewa kowace shekara.

Idan kuna neman dokar da za ta rage zubar da jini a titunan Kano, ku bi wayar zuwa inda take ƙarewa. Yaron da ya soki mutum ba don ya yi kira ya ƙwace ta ba. Akwai mai jiran ta, akwai mai goge ta ya canza mata kamanni, akwai mai cire layin ya kwashe kuɗin asusun banki kafin mai ita ya farfaɗo. Kowace waya tana da lambar shaida tata ta musamman da ake kira IMEI, kuma kamfanonin sadarwa suna iya toshe ta ta zama ba ta da amfani a kan kowane layi. Ingila ta mai da sauya wannan lamba laifi tun 2002. Gwamnatin da ta iya tilasta wa kowa haɗa layinsa da lambar NIN tun daga ƙarshen 2020, har ta rufe layukan waɗanda suka ƙi, ba za ta ce ta kasa tilasta wa kamfanoni toshe wayar sata cikin sa'o'i kaɗan da kai rahoto ba. Ku yi dokar da za ta wajabta wannan, ta wajabta wa bankuna hanyar daskarar da asusu nan take daga kowace waya, ta kuma wajabta wa duk mai sayen tsohuwar waya don sayarwa ya rubuta lambarta da shaidar wanda ya kawo ta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya na Farm Centre da Titin Beirut, waɗanda mafi yawansu mutanen kirki ne da ɓata-gari ke ɓata wa suna, su ne za su fi kowa amfana, kuma da su ya kamata a zauna a tsara ta.

Ta fuskar hukunci ba mu rasa doka ba. Dokar fashi da makami ta 1984 ta riga ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi fashi da bindiga ko wani makami mai cutarwa, kuma tun a watan Mayun 2023 Majalisar Tsaro ta Jihar Kano ta ce za a ɗauki ƙwacen waya a matsayin fashi. Abin da ya rage shi ne shari'a ta riƙa ƙarewa, shaidu su sami kariya, a daina ganin wanda aka kama ranar Litinin yana zaune a dabarsa ranar Juma'a yana nuna gidan wanda ya kai ƙararsa. Ina kuma roƙon ku gyara dokar 2017 da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ku faɗaɗa ta a fili ta haɗa da wanda aka sara ko aka soka, ku kuma kare wanda ya ɗauko shi daga zama abin tuhuma. Mutane da yawa suna tsayawa suna kallon mai rauni yana zubar da jini ne saboda tsoron kada taimako ya kai su caji ofis.

Game da ƙauyukan da ke bakin daji kuwa, ciki har da garuruwanmu na iyaka da Katsina, ban ce a bar su hannu rabbana ba. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, Kano ma ta yi dokar rundunar tsaron unguwanni a 2025. Irin waɗannan runduna masu rajista da albashi da shugaban da za a tuhuma idan an yi ba daidai ba, su ya kamata ku yi wa doka bayyananniya a kan irin makamin da za su riƙe, da inda za a ajiye shi, da wanda zai ƙirga harsasai safe da yamma. Abin da ya faru da 'yan sa-kai a Zamfara, inda kare kai ba tare da linzami ba ya rikiɗe ya zama ramuwar gayya tsakanin Hausawa da Fulani, ya isa ya nuna abin da ke biyo bayan makamin da ba shi da mai tsawatarwa. Haka kuma maharba da manoman da suka daɗe da lasisinsu na halal, a buɗe musu hanyar sabuntawa mai tsabta, a shigar da su rajista ɗaya ta ƙasa ƙarƙashin cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021.

Saboda haka ina roƙon ku, duk ranar da ƙudirin sassauta mallakar ƙaramar bindiga ya zo gabanku, ku ƙi amincewa da shi, ku kuma nemi a yi zaman jin ra'ayin jama'a a nan Kano kafin a kai ga ƙuri'a. Ku gayyato iyayen waɗanda aka kashe, da likitocin sashen gaggawa na Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, da shugabannin masu adaidaita sahu, da 'yan kasuwar waya, da masu unguwanni, da malamai, ku saurare su a bainar jama'a, sannan ku gabatar da ƙudirin toshe wayoyin sata da gyaran dokar 2017 a wannan zangon majalisa.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani magidanci mazaunin birnin Kano